Wa ke biyan kuɗin arhar hayar motar lantarki?

Tallan yakan zo da lamba ɗaya ƙatuwa a tsakiya: dala 199 a wata. A gefe ga mota sabuwa dal tana sheƙi, an jona mata wayar caji. Can ƙasa kuma, da ƙananan haruffan da sai ka matso da fuska kafin ka karanta, an rubuta cewa wata 24 ne, mil 10,000 a shekara, kuma ranar sa hannu za ka ajiye dala 3,999. Yawancinmu a lambar sama idonmu ke tsayawa. Amma in ka tara 199 sau 24, ka ɗora wancan kafin alƙalamin a kai, abin da zai bar aljihunka dala 8,775 ne, wato kusan 366 a kowane wata, tun ba a zo maganar haraji da inshora da kuɗin takardu ba. Lambobin misali na kawo, sai dai fasalin tallan ke nan kusan duk inda ake wannan harka.

Ban kawo wannan don in kushe hayar motar lantarki ba. A 'yan shekarun nan an samu hayoyi masu arha ta gaske, har ya zama mota mai tsada ta fi wata ƙaramar motar fetur sauƙin biya a wata, kuma mutane da yawa sun amfana. Abin da ke damuna shi ne yadda ake shiga da ido rufe. Duk dalar da aka rage maka akwai wanda ya biya ta: ko gwamnati, ko kamfanin da ya ƙera motar, ko bankin da ya ba da hayar, ko kuma kai da kanka nan gaba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. In ka gano mai biyan, ka san irin arhar da ke gabanka, ka kuma san ko za ta kai ka ƙarshen yarjejeniya.

Hayar da muke magana a kai ba irin ta kwana biyu ko mako guda ba ce. Kamfanin kuɗi ne, galibi reshen kamfanin da ya ƙera motar, ke sayenta daga hannun dila, ta zama mallakarsa, sannan ya damƙa maka ita na shekara 2 zuwa 4. Ranar sa hannu yakan yi hasashen kuɗin da motar za ta yi idan ka dawo da ita. Mu kira wannan ragowar daraja. Kai abin da kake biya kashi biyu ne: ratar da ke tsakanin farashinta na yau da waccan ragowar daraja, an rarraba maka ita wata-wata, sai kuma ladan kuɗin da kamfanin ya zuba a motar. Wannan na biyun kuɗin ruwa ne, ko da wane suna aka rufe shi. A Amurka akan rubuta shi da wata 'yar lamba mai sifili a gaba, kamar 0.0025, wadda ba ta ba kowa tsoro. Ninka ta sau 2,400, sai ta fito a kamanninta: kashi 6 cikin 100 a shekara. Wanda ke gudun kuɗin ruwa saboda addininsa ya kamata ya san da wannan tun kafin ya zauna gaban dila, ya nemi tsarin ijara, wato hayar da ta bi ƙa'idar Musulunci, inda ake da shi.

Bari mu yi lissafi ɗaya a tsanake, domin duk sirrin yana cikinsa. Ɗauka motar dala 40,000 ce, haya ta wata 36, an yi hasashen za ta riƙe kashi 55 cikin 100 na darajarta, wato dala 22,000. Ratar dala 18,000 ke nan, 500 a wata. Kuɗin ruwa kuwa, ana haɗa farashin farko da ragowar daraja ne a ninka da 'yar lambar nan, ya ba da 155. Jimla 655 a wata. To yanzu a rage dala 7,500 daga farashin farko, ko tallafi ko rangwame. Ratar ta koma 10,500, wato kusan 292 a wata, kuɗin ruwa ya sauko zuwa 136, jimla ta zama 428. Duba da kyau: ragin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin motar ba, amma ya zaftare fiye da kashi ɗaya cikin uku na biyan wata. Dalili kuwa shi ne gaba ɗayansa ya sauka a kan ɗan yankin da kai kake biya, bai taɓa ragowar darajar ba. Shi ya sa rangwamen da mai sayen mota zai ji kamar an ɗan sassauta masa, a wurin mai haya yakan zama kamar an raba kaya biyu. Kuma in wa'adin ya fi gajarta, wata 24 a madadin 36, tasirinsa a kowane wata ya fi haka girma.

Akwai hanya ta biyu da kamfani ke bi ya rage biyan wata ba tare da ya taɓa farashin da aka manna a jikin gilashi ba: ya kumbura ragowar darajar. A misalinmu, in aka ce 60 a madadin 55, biyan ya sauko daga 428 zuwa kusan 377. Kamfanin ya san mai yiwuwa motar ba za ta yi wannan kuɗin ba bayan shekara uku, amma ya gwammace ya ɗauki asarar a gaba da ya karya farashi a bainar jama'a yau, ya fusata waɗanda suka saya jiya.

A nan motar lantarki ta sha bamban da sauran. Darajarta na faɗuwa da sauri, kuma ta hanyar da ke da wuyar hasashe. A watan Janairun 2023 Tesla ya rage farashin wani samfurin Model Y a Amurka daga dala 65,990 zuwa 52,990 a dare ɗaya. Duk wanda ya sayi irinta a tsohon farashin makonni kaɗan kafin nan ya wayi gari sabuwa fil ta fi tasa arha da dala 13,000, kuma kasuwar na hannu ta bi sahu. Kamfanin haya na Hertz, wanda a 2021 ya yi shelar zai sayi Tesla 100,000, ya dawo a Janairun 2024 ya ce zai sayar da motocin lantarki 20,000 daga cikin na hannunsa, yana kuka da tsadar gyara, ga kuma faɗuwar daraja. Ƙarƙashin duk wannan akwai batir, wanda shi ne mafi tsada a jikin motar, kuma farashinsa sai sauka yake yi. Ƙididdigar BloombergNEF, cibiyar binciken harkar makamashi, ta nuna matsakaicin farashin ya sauko daga dala 139 a kan kowane kilowat-awa (ma'aunin wutar da batir ke ɗauka) a 2023 zuwa 115 a 2024. Motar bana ta fi ta bara nisan zango, ta fi ta saurin caji, wani lokaci ma ta fi ta arha. Hatta bakin cajin na canzawa: daga 2023 Ford da sauran manyan kamfanoni suka amince su koma irin na Tesla a Arewacin Amurka, tsofaffin Nissan Leaf kuwa masu bakin CHAdeMO wuraren cajin gaggawa da ke karɓarsu sai raguwa suke yi.

Wannan faɗuwar ga mai saye asara ce tsagwaronta. Ga mai haya kuwa ya danganta da kalma ɗaya a cikin takarda. In hayar rufaffiya ce, an ƙulle ragowar darajar tun ranar farko, kome kasuwa ta yi daga baya kamfanin ne zai ji a jikinsa, kai mukulli kawai za ka miƙa. In buɗaɗɗiya ce, irin wadda aka fi yi wa 'yan kasuwa, kai za ka cika giɓin idan motar ta kasa yin kuɗin da aka yi hasashe. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa haya ta fi dacewa da motar lantarki fiye da yadda ta dace da ta fetur. Kana biyan wani ne ya ɗauke maka fargabar abin da babu wanda ya san ƙarshensa. Ga shi kuma yawancin kamfanoni na ba batir garanti na shekara 8 ko kilomita 160,000, don haka mai hayar shekara uku zai shiga ya fita bai taɓa kwana da tunanin kuɗin sabon batir ba.

Sai maganar gwamnatoci, waɗanda su suka haifar da mafi yawan lambobin ban mamakin da aka gani. A Amurka, dokar rage hauhawar farashi ta Agustan 2022 ta tanadi rangwamen haraji har dala 7,500 ga mai sayen motar lantarki, amma da sharuɗɗa masu tsauri: dole a haɗa motar a Arewacin Amurka, akwai ƙa'ida kan inda ma'adinan batir suka fito, akwai iyakar farashin mota, akwai iyakar abin da mai saye ke samu a shekara. Sai dai a cikin dokar akwai wani sashe na motocin kasuwanci wanda ba shi da waɗannan sharuɗɗa, kuma ma'aikatar kuɗi ta ce motar da kamfani ya saya don ya ba da haya ta shiga ciki. Nan take ƙofa ta buɗe. Motocin da aka ƙera a Koriya ta Kudu, irin su Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6 na lokacin, waɗanda mai saye ba zai samu ko sisi a kansu ba, suka koma samun cikakken rangwamen ta hanyar haya. Abin lura, kuɗin na kamfanin hayar ne, ba a tilasta masa ya miƙa wa mai haya ba. Wasu sun miƙa duka, wasu rabi, wanda bai tambaya ba kuma bai san abin da ya wuce shi ba. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta rufe wannan ƙofa daga ƙarshen Satumban shekarar. Abin da ya biyo baya ya koya mana wani abu: Hyundai ya rage farashin Ioniq 5 samfurin 2026 da abin da ya kai dala 9,800. Da gwamnati ta janye hannu, sai kamfani ya sa nasa.

Faransa ta bi wata hanyar da ni ta fi burge ni, domin ta nufi masu ƙaramin ƙarfi kai tsaye. A Janairun 2024 aka buɗe shirin hayar motar lantarki a kan kusan yuro 100 a wata, ga ma'aikatan da abin hannunsu bai taka kara ya karya ba, kuma suke tafiyar fiye da kilomita 15 zuwa wurin aiki, ko suke cin fiye da kilomita 8,000 a shekara saboda sana'a. Gwamnati na zuba har yuro 13,000 a kan kowace mota. An yi tsammanin motoci 20,000 zuwa 25,000, sai buƙata ta haura 50,000, aka rufe shirin a tsakiyar Fabrairu, mako shida kacal da buɗewa. Ya dawo ranar 30 ga Satumban 2025 da tallafin da ya ragu zuwa wajen yuro 7,000, biyan wata kuma ƙasa da yuro 200. Ko a zagayen farko, yuro 100 ɗin bai haɗa da inshora ba. Jamus kuwa a Disamban 2023 ta datse nata tallafin cikin 'yan kwanaki, bayan wani hukuncin kotun tsarin mulki ya buɗe rami a kasafin kuɗinta.

A Birtaniya arhar ta bi ta albashi ne. Ma'aikaci yakan yarda a cire kuɗin hayar daga albashinsa tun kafin a lissafa haraji, sai ya biya wani ɗan haraji a kan motar a matsayin alfarmar wurin aiki. Ga motar lantarki, abin da ake lissafa harajin a kansa an sa shi a kashi 2 cikin 100 na farashinta daga 2022 zuwa 2025, ya koma 3 a 2025, kuma an tsara ya ci gaba da hawa shekara-shekara, alhali motar fetur mai yawan hayaƙi na iya kaiwa 37. Wanda albashinsa ya fi girma shi ya fi cin moriya, kuma wanda ya bar aiki ana tsakiyar yarjejeniya na iya tarar da tara tana jiransa. Ƙasar kuma ta wajabta wa kamfanoni cewa kashi 22 cikin 100 na sababbin motocin da suka sayar a 2024 su zama marasa hayaƙi, 28 a 2025. Kamfanin da shekara ke neman ƙare masa bai cika adadi ba, rangwame ya fi masa tara sauƙi. Shi ya sa ƙarshen shekara, da lokacin da sabon samfuri ke shirin fitowa ga tsoho jibge a filin dila, su ne lokutan da mai neman arha ya kamata ya kasa kunne. Mafi arhar haya ba kasafai take kan motar da kowa ke rububi ba, tana kan wadda kamfani ke neman kai da ita.

Ciniki kuma yana nan, ko da an ce maka babu. Farashin farkon da ake gina lissafi a kansa ana taya shi kamar yadda mai saye zai taya. Dila zai so ya tambaye ka nawa za ka iya biya a wata, domin daga nan zai iya ja nan ya saki can har ya kawo maka lambar da ka faɗa. Ka nemi a rubuta maka abu huɗu dabam-dabam: farashin da aka daidaita, ragowar daraja, kuɗin ruwa, da duk wani kuɗin gefe. Kafin alƙalami mai yawa kuwa ina ba da shawarar a guje shi. In aka sace motar ko ta yi hatsarin da ba ta gyaruwa a wata na uku, inshora kamfanin da ya mallake ta za ta biya, abin da ka ajiye sau da yawa ya tafi ke nan. A tabbata kuma akwai inshorar cike giɓi, wadda ke biyan bambanci tsakanin kuɗin da motar ta yi a kasuwa da abin da ake binka a takarda. Ga motar da darajarta ke gangarowa da gudu, giɓin nan ba ƙarami ba ne.

Nisan tafiya shi ne ramin da ya fi cin mutane. Wanda aka ba mil 10,000 a shekara alhali yana cin 15,000, bayan shekara uku ya haura da mil 15,000. In tarar santi 25 ce a kowane mil, dala 3,750 ke jiransa, fiye da 100 a wata da bai taɓa sawa a lissafi ba. Abin da ke ƙara jawo haka, motar lantarki na da daɗin tuƙi da arhar tafiya, sai ta zama ita ake ɗauka zuwa ko'ina a gidan. Sayen ƙarin mil tun farko ya fi biyan tara sauƙi.

Caji ma haka. Matsakaiciyar motar lantarki na shan kilowat-awa 15 zuwa 20 a kilomita 100. Mai wurin ajiye mota a gida, wanda zai jona ta da dare lokacin da wuta ke da arha, shi ne ainihin wanda aka yi wa wannan ciniki. Wanda ya dogara da cajin gaggawa na bakin hanya kuwa yana iya biyan ninki biyu ko uku na wutar gida, har abin ya yi kusa da kuɗin fetur. A Birtaniya hatta harajin saye ya bambanta: kashi 5 a wutar gida, 20 a cajin waje. Saboda haka tambayar inda za ka riƙa caji ta riga tambayar wace mota za ka ɗauka.

Daga nan mutum yakan ce to bari in ɗauki ruwa-biyu, mai injin fetur da batirin da ake jona wa wuta, in huta da fargabar mutuwar caji a hanya. Tunanin ba laifi. Irin su Toyota RAV4 Prime na yin wajen kilomita 68 da wuta zalla, wanda ya ishi zirga-zirgar yini ga mutane da yawa, in tafiya ta yi nisa inji ya karɓa. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Rahoton Hukumar Tarayyar Turai na Maris 2024, wanda aka gina a kan bayanan na'urorin da ke jikin motocin da aka yi wa rajista a 2021, ya nuna hayaƙin da ruwa-biyu ke fitarwa a kan titi ya ninka na gwaji sau uku da rabi. Binciken da ICCT, wata cibiyar nazarin sufuri, ta yi a Turai a 2022 ya gano cewa masu motar kansu na yin kusan rabin tafiyarsu da wuta, motocin kamfani kuwa kashi 11 zuwa 15 kawai. Dalilin a fili yake: wanda ofis ya ba katin shan fetur kyauta, me zai sa ya ja waya ya ƙara wa kansa kuɗin wutar gida? Sai motar ta ƙare wa'adinta, a buɗe but a tarar da wayar caji naɗe a jakarta yadda ta zo. Ruwa-biyun da ba a jona ta motar fetur ce mai dakon batir mai nauyi, ga canjin baƙin mai da sauran hidimar inji duk suna nan. Mai soket a inda yake kwana, mai gajeriyar tafiya kullum da doguwa jefi-jefi, shi ta dace da shi. Wanda ba shi da wurin caji gara ya nemi mai haɗa fetur da ƙaramin batir wadda ba a jona wa wuta, ko ya tsaya a fetur. Gwamnatoci ma sun fara ja da baya a kanta, Jamus a ƙarshen 2022 ta cire ta daga tallafin sayen da take bayarwa a lokacin.

Ranar mayarwa wani ma'aikaci zai zagaya motar da 'yar na'ura a hannu. Zai ɗora ma'auni a kan kowane ƙarce ya ga ko ya wuce girman da aka yarda, ya durƙusa ya duba gefen ƙarfen taya inda ya goge da bakin titi, ya tsoma ma'auni a zanen tayoyin, ya ƙirga mukullai, ya nemi wayar caji. Tayar motar lantarki na saurin cinyewa saboda nauyin batir da ƙarfin fizga, kuma in ta gaza ma'auni kai za ka biya, a farashinsu. Wasu kamfanonin na ƙara kuɗin karɓar mota a kan haka. Gara ka nemi a duba maka ita wata ɗaya ko biyu kafin wa'adi, ka gyara abin da zai gyaru a inda ka ga dama. Fita kafin lokaci kuwa tsada gare ta ƙwarai, sau da yawa kusan duk ragowar watannin za a nema, sai dai in yarjejeniyar ta yarda ka miƙa wa wani ya ƙarasa.

In takardarka ta ba ka damar sayen motar a ƙarshe, farashin shi ne ragowar darajar nan da aka rubuta tun ranar farko. Kafin ka amsa, duba nawa ake sayar da irinta na hannu. A misalinmu an rubuta dala 22,000. In a kasuwa 17,000 take, miƙa mukulli, dala 5,000 ɗin nan asarar kamfani ce, kuma kana iya zagayowa ka sayi irinta a farashin kasuwa. In ta kai 25,000, biya 22,000 ɗin ka riƙe motarka, bayan an auna maka lafiyar batirin an ba ka sakamakon a rubuce.